Fuskar Kande ta Tagulla

Da hantsi aka kawo ƙara caji ofis a Daura, wai an shiga ɗakin Malam Nu'uman, tsohon malamin gona, an yi masa ɓarna. Sufeto Harisu Kabo ya tafi da kansa, tare da wani kofur. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a yake ganin ƙararraki iri-iri, har ya daina mamakin komai.

Tun yana aikin gwamnati Malam Nu'uman yake ƙera 'yan mutum-mutumi na tagulla da na dutse, don jin daɗinsa kawai. Yanzu yanar ido ta makantar da shi.

Sufeto ya tsaya gaban kantar ɗakin. Ga manomi, ga mai tallar nono, ga raƙumi, duk a jere, duk ba kawuna. An yanke su sumul, an goge ƙura, an mayar da kowanne mazauninsa. Da ɓarawo ne da ya kwashe, da mai fushi ne kuma da ya farfasa.

"Baba, me ya fi damunka a ciki?"

"Kan Kande," in ji tsohon, muryarsa ba hawa ba sauka. "Matata ce, ta rasu. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Kullum da safe da yatsa nake ganinta. Ku bar sauran, ita kaɗai nake so."

'Yarsa Amatullah, malamar Islamiyya, ta kawo wa baƙo ruwa.

"Ina kike jiya?"

"Ina makaranta, Yallaɓai. Samarin unguwa ne. Sun daɗe suna cewa gumaka ne."

Sufeto ya karɓi kofin. Da hannun hagu ta miƙo masa. Malama guda!

Daga nan ya wuce maƙerar Ɗantsoho, inda Malam Nu'uman ya saba narka tagullarsa.

"Wa ka ara wa zarto?"

"Ni? Wallahi ba kowa."

Sufeto ya ɗauko zarton, ya goga haƙoransa a ɗan yatsa. Gari ne rawaya.

"Kai da kake ƙirar fartanya, yaushe baƙin ƙarfe ya koma rawaya?"

Ɗantsoho ya yi tsuru-tsuru. "Malama ce, Yallaɓai. Cewa ta yi ƙafar gado za ta rage."

Sufeto ya koma gidan. Tsohon yana zaune inda aka bar shi.

"Malama, buɗe hannunki na dama."

Ta buɗe. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

"Ni ce," ta ce, ko kuka ba ta yi ba. "Baba, likita ya gaya mini ciwon zuciyarka ya yi nisa. A wa'azi an ce wanda ya ƙera surar mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata rai. An ce in babu kai, babu sura. Tsoro nake ji maka, Baba. Ba na iya barci."

"Ina kan uwarki?"

Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshin tsumma, ta durƙusa ta ajiye masa a cinya. Curin tagulla ne kamar mulmulen fura.

"Na farfasa na dutsen. Na tagullar na sa Ɗantsoho ya narka su gaba ɗaya, don kada ka sa a liƙa."

Kofur ya matso da ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya nuna mata ƙofa kawai. Ta gyara hijabi ta bi kofur zuwa mota, ba ta waiwaya ba.

Tsohon ya juya curin a hannu, ya shafa nan, ya shafa can, ya sake juyawa. Sufeto ya ji tausayinsa, ya juya zai fita. Har ya kai zaure sai ya ji an kira shi.

"Sufeto, don Allah duba mini. Ta wane gefen fuskar take?"