Wanda Ya Yanke Tsirkiyar Sausan

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo wa ofishin 'yan sanda na Munastir cewa an yi sata a wani otal na bakin teku, inda ake gasar tanis kowane mako. Sufeto Munsif Garbi ya tambayi abin da aka ɗauka. Da aka ce masa raket guda uku, sai da ya ajiye kofinsa ya ce a maimaita.

Shekara ashirin da shida yana bin sawun ɓarayin mota da na gwal, yau kuma za a aike shi neman abin buga ƙwallo. Shi ɗan masunci ne, abin da ya sani a tanis bai wuce mutum biyu su yi ta wahalar da juna cikin rana ba. Duk da haka ya ɗauki makullin mota ya tafi.

Madam Wasila, mai kula da gasar, ta tare shi a ƙofar ofishinta.

"Si Munsif, kada ka raina abin," in ji ta, tana kiransa da laƙabin girmamawa na garin. "Shekaranjiya Sausan Mazhud ta sha kashi a hannun wata baƙuwa da ko kusa ba ta kai ta ba. Duk ƙwallon da ta buga sai ya wuce layi. Kafin wasan kuma an zuba kuɗi masu yawa a caca daga waje, a kan za ta faɗi. Hukumar da ke sa ido kan caca ta dakatar da ita, wai sayar da wasan ta yi. In abin ya tabbata, ita da tanis har abada."

"Ina raket ya shigo ciki?"

"Na daɗe a aikin nan. Yadda ƙwallo yake tashi daga hannunta bai kwanta mini ba. Na karɓi raket ɗinta duka uku na kulle a nan, na aika garin Susa a kawo ma'aunin taurin tsirkiya. Yau ma'auni ya iso, raket babu. Su kaɗai ne za su iya wanke ta."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Makullin yana rataye a wurin karɓar baƙi, kowane ma'aikaci yana iya miƙa hannu ya ɗauka. A kan tebur ga kwamfuta, ga sabuwar waya. Ɓarawon ya tsallake su duka ya ɗauki tsofaffin raket.

Ya sami Sausan a kan benci bayan fili na bakwai. Shekarunta ashirin da huɗu, idanunta sun kumbura, amma ta miƙe ta gaishe shi da ladabi.

"Kin sayar da wasan?" ya tambaye ta kai tsaye.

"Yallaɓai, uwata ta sayar da gonar zaitun ɗinta don in yi wasan nan. Ni kuma in sayar da shi?"

"To me ya faru?"

"Ban sani ba. Na canza raket sau biyu, duk ɗaya. Na ce hannuna ne ya lalace."

"Hannunki yana ciwo?"

Ta shafa wuyan hannunta. "Wuyan hannuna ya yi ciwo makon jiya, ya warke kafin Talata. Ban gaya wa kowa ba, ko uwata. A nan in aka ji kana da rauni, can za a yi ta aiko maka ƙwallo."

"Ba ki zargi tsirkiyar ba?"

Ta dube shi kamar ya zagi iyayenta. "Baffa Shadli ne ya ɗaura. Tun ina shekara tara shi yake ɗaura mini."

Shagon Baffa Shadli wani ɗan ɗaki ne a gefen filayen, injin ɗaurin tsirkiya ya cinye rabinsa. Dattijo ne siriri mai tabarau, yatsunsa duk kanta. Bai ɗago kai ba sai da ya gama ƙullin da yake yi, ya ja shi da filaya, ya datse saura.

Sufeto ya tsaya yana kallon hannun, zuciyarsa ta yi laushi. Haka ubansa yake zama a bakin tashar jiragen ruwa yana ɗinkin koma, ko shugaban ƙasa ne ya zo sai ya gama ƙulli.

"Taurin kilo nawa ka ɗaura wa Sausan ranar Talata, Baffa?"

"Ashirin da biyar, ɗana, kamar kullum. Yarinyar nan ni na raine ta. Allah ya tona asirin wanda ya yi mata wannan."

"Ka san masu sayar da hasashen wasa a garin nan?"

"Ni da 'yan caca ko gaisuwa ba ma yi."

Sufeto ya yi godiya. Kafin ya fita ya lura da wani ƙaton naɗin tsirkiya rawaya a rataye jikin bango.

Mai sayar da hasashe a Munastir ba ɓoyayye ba ne. Nizar sunansa, amma Dakta yake so a kira shi, ko da yake ko allurar kaza bai taɓa yi ba. Ofishinsa kujera ce guda a gidan kofi na bakin tasha, da wayoyi uku a gabansa. Mutum dubu huɗu suke biyansa duk wata don ya gaya musu wanda zai ci da wanda zai faɗi.

"Marhabin da hukuma," in ji Nizar yana washe baki. "A kawo wa Si Munsif shayi da na'a-na'a."

"Bar shayin, Dakta. Yaya kake sanin wanda zai faɗi?"

"Ilimi ne, yallaɓai. Lissafi. Ina duba wasannin baya, da iska, da irin ƙasar fili."

"Nuna mini abin da ka aika wa mutanenka ranar Litinin."

Nizar ya yi ta 'yan kame-kame, daga baya ya miƙa wayar. An rubuta: *Sausan za ta faɗi gobe. Wuyan hannunta ba lafiya. Ku zuba ba tsoro.*

"Lissafin naka har ciwon hannu yake gani?" in ji Sufeto. "Abin da uwarta ma ba ta sani ba?"

"Ido ne, yallaɓai, na ga yadda take riƙe kofi."

"Ka san Baffa Shadli?"

"Wane ne haka? Mai gyaran takalmi?"

Sufeto ya sunkuya kamar zai ɗaure takalminsa. Saƙar kujerar da Nizar yake zaune a kai ta taɓa tsinkewa, an gyara ta da tsirkiya rawaya. Ƙullin ƙarami ne, an ninka shi biyu an datse saura daf. Awa ɗaya da ta wuce ya ga an yi irinsa.

Sufeto ya ɗago. Ya tashi da nauyin zuciya, don ya fi son a ce wannan mai bakin ne kaɗai a cikin maganar.

Bayan la'asar Madam Wasila ta bugo. Mai ban-ruwan furanni ya tsinci raket ɗin a bayan otal.

Sufeto ya sa mutumin ya nuna masa ainihin wurin, Madam Wasila da Sausan suna biye da su. Ba a cikin shara aka jefa su ba. An naɗe su cikin tawul mai tsabta, an ɗora a kan katanga ƙarƙashin inuwa, inda ruwan ban-ruwa ba ya kaiwa. Da ya warware tawul ɗin sai Sausan ta dafe baki. An yanke tsirkiyar duka ukun, guntaye suna reto.

"Shi ke nan," in ji Madam Wasila a hankali. "Yankakkiyar tsirkiya ba ta aunuwa."

Sufeto ya jera su a ƙasa. Yankan bai yi kama da na mai gaggawa ba. A kowanne an fara daga tsakiya, an bi a karkace zuwa gefe, dama da hagu daidai wa daida.

"Me ya sa mutum zai yanka haka?"

"Don kada firam, wato jikin raket ɗin, ya karkace," in ji Madam Wasila. "In ka fara daga gefe, ɓangare ɗaya zai saki, ɗayan ya ja, raket ya lalace."

Ya juya ga Sausan. "Ke kin iya?"

"Ban taɓa ba. Baffa ya hana ni tun ina ƙarama, ya ce zan karya masa raket."

"Makon jiya da hannunki yake ciwo, da tsirkiyar kilo ashirin da biyar kika yi atisaye?"

"A'a, na ce ya sassauta zuwa ashirin da ɗaya, haka ake yi in hannu yana ciwo. Ranar Talata da safe na ce ya mayar ashirin da biyar." Ta tsaya. Sufeto ya ga maganar ta isa kunnenta bayan ta fita daga bakinta, ya kawar da kai don bai so ya ga fuskarta ba.

Ya koma shagon shi kaɗai, ɗauke da tawul ɗin. Ya zaro wani tsohon raket daga kwandon da ke bakin ƙofa ya miƙa wa dattijon.

"Baffa, yanke mini wannan in gani."

Shadli ya ɗauki almakashi. Ya dubi raket ɗin, ya dubi tawul ɗin, ya gane. Ya kai almakashin gefe, kamar zai yi yankan wanda bai san aiki ba. Hannun ya tsaya can. Sai ya dawo tsakiya da kansa, ya datse, ya bi a karkace.

"Ubana mai ɗinkin koma ne," in ji Sufeto. "Ko komar maƙiyinsa aka ba shi, ba ya iya yi mata mugun ƙulli. Ɓarawon nan ya yarda yarinya ta rasa sana'arta, amma ya kasa barin raket ya karkace, ya kasa barinsa cikin rana. Mutum ɗaya na sani haka a otal ɗin nan. Kujerar Dakta ma ta gaishe ka."

Dattijon ya cire tabarau ya zauna.

"Shekara shida ina ba shi labari," ya ce. "Ba sai ɗan wasa ya yi magana ba, ɗana. Wanda ya ce a sassauta tsirkiya, hannunsa na ciwo. Wanda ya kawo raket ɗaya maimakon uku, ya riga ya sayi tikitin komawa gida. Ni ina faɗa wa Nizar, shi yana zama Dakta. Ban taɓa taɓa raket ɗin kowa ba. Ina ce wa kaina ai gaskiya nake faɗa."

"Sai ranar Talata."

"Ta shigo tana dariya, ta ce Baffa na warke, mayar mini ashirin da biyar. Wallahi na yi murna. Na kira Nizar na ce ya janye maganarsa. Ya ce manyan mutane sun riga sun zuba, in ta ci, kafin magariba kowa zai san wanda yake ba shi labari. Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin nan. Na ji tsoron kunya."

"Nawa ka ɗaura?"

"Ashirin. Na ce wasa ɗaya ne, mako mai zuwa za ta rama. Ban san za a ce ita ta sayar ba. Da na ji za a auna, na ɗauki makulli bayan sallar asuba." Ya share ido da bayan hannu. "Ina tsaye a bakin fili ranar. Da ta canza raket na biyu ta dube ni, na ɗaga mata hannu alamar lafiya lau. Sai ta dubi hannunta."

Sufeto ya naɗe tawul ɗin. Ya kama mutane da yawa, wasu har da jin daɗi, amma wannan kamun ya yi masa ɗaci ƙwarai.

"Za ka maimaita wannan a rubuce, gaban Madam Wasila. Shi ne zai wanke yarinyar. Nizar kuma an tafi ɗauko shi."

"Zan maimaita."

Bai sa masa ankwa ba. Dattijon ya kashe injin, ya lulluɓe shi da zane yadda yake yi kowace yamma, suka fito.

Sausan tana tsaye a bakin hanya. Shadli ya ja ya tsaya a gabanta.

"Kwana biyu ina zagin hannuna, Baffa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko sau ɗaya ban zagi naka ba."

Ya sunkuyar da kai ya wuce. Sai da ya sa ƙafa ɗaya cikin mota ya juyo ya ce wa Sufeto, "Ka gaya wa duk wanda zai riƙa ɗaura mata, ba ta son ƙulli a gefen dama, yana gogar mata yatsa in tana gyara tsirkiya."

Sufeto Munsif ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta, sannan ya rufe ƙofar motar.