Gadon da Ke Kallon Talabijin

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai na fasa shi!"

Rana tsaka, a shagon sayar da wayoyi. Oga Tsatsa ya haye kanta da bindiga. Gajere na ɗura wayoyi a buhu. Mai shago ya kai hannu aljihu — tau! Ya zube a kan kwalayensa.

"Mu ware!"

A waje mota na kunne. Auta, direbansu, ya zuro hannu ta taga, ya daki rufin motar sau biyu. Suna faɗawa ciki ya fizge ta. Kyamarar ƙofar shagon ta ɗauke komai.

Wannan bidiyo shi ya zama abincin gari. Da safe shi, da rana shi, ana cin abinci shi. Fashi na nan, fashi na can, duk a ce su ne. Aka riƙa gayyato masana tsaro, waɗanda ko ɓarawon kaza ba su taɓa kamawa ba, suna ta zuba sharhi. Shaguna suka koma rufewa tun la'asar.

A ɗakin maza na asibiti akwai talabijin maƙale can sama, ba mai kashe ta. Gadon da ke fuskantarta na wani tsohon direba ne. Shanyewar jiki ta cinye masa ɓarin dama, ta tafi da bakinsa. Yana ji, yana gani, amma ko uffan ba ya iya cewa.

Fuskokin 'yan fashin a rufe suke. Hannun nan kuwa, tsoho ya san shi. Shi tsohon ne mai dukan rufin mota sau biyu kafin ya tashi, tun yana jan motar haya, autansa na gefe yana kwaikwayo. Kullum sai an nuna masa hannun ɗansa.

A gadon da ke kusa akwai wani kofur na 'yan sanda da 'yan fashin suka harba a ƙafa. Ran nan sufeto ya zo duba shi, ya sunkuyo.

"Gajeren cikinsu ya sayar da su. Gobe da hantsi, gidan man bakin gada. Direban za mu fara saukewa. Mota na tsayawa, sauran sun zama nama."

"Yallaɓai, tsohon nan fa yana ji."

"Wannan? Ai da shi da katako duk ɗaya."

A bayan wani gareji kuwa, Oga Tsatsa na kallon labarai a waya yana ƙyaƙyata dariya.

"Ku ji 'yan iska! Wai runduna ce mu!"

"Oga, daga na gobe na ajiye," in ji Auta. "Tsohona na kwance."

"Kullum haka kake faɗa."

"Ka ajiye mana, abokina," in ji Gajere, ya dafa kafaɗarsa. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Da yamma Auta ya shigo asibiti da filas ɗin shayi. Ya rusuna wa kofur.

"Sannu, yallaɓai. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, ɗan albarka."

Ya zauna a bakin gadon ubansa. Tsoho ya buɗe baki. Ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito gurnani ne da yawu.

"Ruwa, Baba? Ko filo zan gyara?"

Tsoho ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa a hannun hagu, ya cafki makullin motar da ke rataye a ƙugun ɗansa. Ya damƙe.

Auta ya yi murmushi. "Kai, Baba! Har yanzu tuƙi? Bari ka warke, kai za ka ja ni."

Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ya ji masa ciwo. Ya goge masa baki, ya ja masa bargo, ya fita.

Hantsi. Gidan mai. Mota ta tsaya. Gajere ya fita, bai nufi ofis ba, ya zarce bayan katanga da gudu.

"Ina za shi?" Oga ya daka tsawa. "Auta, ja! Ja!"

Tau! Gilashi ya tarwatse. Motar ta gangara ta daki famfo. Oga ya fito yana harbi — bai kai bakin titi ba.

Kafin azahar labari ya hau talabijin. Ɗakin maza ya ɗauki sowa. Mai labarai ta lissafo ɓarnar: mai shago da ya bar mata da jariri, mai gadin da aka binne, kofur da ba zai ƙara tafiya daidai ba. Gajere kam, ba wanda ya ambace shi.

Nas ta zo ta ɗaga kan gadon tsoho.

"Baba, albishirinka! An gama da su. Bari in gyara ka ka gani da kyau."

Aka nuna mota. Aka nuna gawa a gefenta, an lulluɓe da tsumma, hannu ɗaya a waje. Tsoho ya so ya kau da kai, wuya ya ƙi. Hawaye suka gangaro cikin kunnensa.

"Allah sarki, har Baba kukan murna yake," in ji nas, ta wuce gado na gaba.

Aka sake nunawa. Aka kuma sakewa. Da yamma ta yi, kofur ya dubi ƙofa, ya juyo.

"Baba, yau yaron nan naka mai ladabi ya makara da shayi."