Angon da Ya Maƙale a Kubrus

Rakiyar ƙawa ce ta kai Shifa wani ofishin tafiye-tafiye a unguwar Rusaifa ta Makka, ƙawarta Manal za ta yanki tikitin hutun amarci. Ita kuwa ta kafe wani hoto na bango da ido, shuɗin ruwa da fararen gidaje a kan dutse, har ta manta da zama.

"Tsibirin Kubrus ne, a Bahar Rum," in ji saurayin da ke bayan tebur, da Hausarsa ta Kano tsantsa. "Ki sassauta masa kallo, kada ya ji kunya."

Abdulrauf ke nan. Karatu ya kawo shi Makka, da ya gama ya sami kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, ya zama mai raka masu yawon hutu zuwa tsibirin. Shifa a nan Makka, a unguwar Utaibiyya aka haife ta, ko Jidda ba ta zuwa sai da dalili. Kafin Manal ta gama zaɓen otal, lambar waya ta riga ta sauya hannu.

Ba a daɗe ba ta raɗa masa Ɗan Tsibiri, shi kuma ya ce ita ce Nurul Aini, hasken idonsa. Kullum sai ya ba ta labarin itatuwan zaitun da kifin da ake gasawa a bakin teku, ita kuma ta ce ai sai ta gani da idonta.

Da magana ta je gaban mahaifinta, Malam Wada, sai ya ɗaure fuska. Kakansa da ƙafa ya ratso Chadi da Sudan don ya zama maƙwabcin Harami, kuma tun daga nan babu ɗan gidan da ya koma zama wani gari.

"Mutane na sayar da gona su zo garin nan," ya ce, "kai kuma kana kwasarsu kana kai su kallon ruwa?"

Bai yi mata dole ba, amma kowa ya san hankalinsa na kan Fahad, ɗan maƙwabta mai shagon dabino a unguwar Jarwal.

Abdulrauf ya yi alkawarin tafiyar wannan bazara ce ta ƙarshe, in ya dawo zai bar aikin. Kafili ya buga masa bizar fita da dawowa ta wata uku, ya tafi. A nan ƙaddara ta same shi: bizar da watan Musulunci aka lissafa ta, shi kuwa ya saba da kalandar otal-otal, ya yanki tikitin dawowa da watan Bature. Ranar da ya je filin jirgi aka ce bizarsa ta riga ta mutu. Kafilin ya yi fushi ya kashe waya, igama, takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta bi bayan biza, ita ma ta mutu.

Kunya ta hana shi faɗa mata. Shifa ta yi ta kira shiru, ga mijin Manal ya dawo daga hutun amarci a tsibirin yana cewa ya hango shi a bakin teku cikin Turawa. Ta yi kuka har ta gaji, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta tsani hoton nan, ta tsani ranar da ta yi rakiya.

Sai saƙo ya shigo.

"Nurul Aini, ban yaudare ki ba, wata ne ya ɓace mini. Ƙofar Makka ta rufe mini, ban san ranar buɗewa ba. Na sami aiki a wani otal, kullum ina kallon ruwan da na yaba miki, wallahi kurkuku ne. Ki auri Fahad. Ba zan zama sanadin raba ki da Harami ba."

Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta miƙa masa wayar, ta ce ita dai shi za ta aura, ta bi shi can. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Ashe yaron ya san darajar garin nan," ya ce a hankali. "Ke fa, ya binti, 'yata? In kika fita, sai dai ki riƙa zuwa mana da bizar baƙi."

"Na sani, Baba."

Halas, wato shi ke nan, kawai ya ce, ya juya mata baya don kada ta ga idonsa. Fahad da kansa ya janye, har ya aiko da dabinon ɗaurin aure.

Bayan sallar la'asar aka ɗaura a masallacin unguwa, babu ango, kawunsa Dawuda ya karɓa masa. Mata suka yi guɗa, amarya na ɗaki tana rubuta masa: "Ɗan Tsibiri, ka share gida. Matarka na tafe."

Ranar tafiya Malam Wada ya riƙe hannunta zuwa Harami. Tun tana yarinya take ganin alhazai suna kuka a ɗawafin bankwana, wanda ɗan Makka ba ya yi. Yau ita ce a cikinsu. Da suka idar, tsohon ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. In ya dawo da ku ina raye, alhamdu lillahi. In kuma bai yi ba, na yafe miki."

Da yamma ta sauka a Kubrus, idonta a kumbure. Abdulrauf na tsaye a ƙofar fita, ya rame fiye da ita. Ya karɓi jakarta, ya riƙe hannun matarsa, su biyun suna kuka.