Tayoyi Bakwai Saboda Tsani

Tari ne ya haɗa Sirajo da Zalika. Ya yi sallama gidan Malam Maina da ke bayan kasuwar Magariya, hayaƙi ya turnuƙe shi, ga 'yar gidan, Zalika, tsugune tana hura wutar suyar ƙuli-ƙuli da baƙar leda.

"Daga meri nake, ofishin magajin gari, sashen tsabta," ya ce, idanunsa na zubar da ruwa. "Don Allah a daina kunna wuta da leda, tana cin ƙirji."

"To Malam, ƙirjin naka ne ko namu?"

Sai ya yi murmushi. Kafin gero ya nuna, ta daina leda, shi kuma ya kasa daina zuwa. Har manya sun shiga maganar aure.

Sai meri ta samo wata 'yar na'ura mai auna hayaƙi, aka kafa ta bisa soron wani gida kusa da tasha. Kullum da hantsi Sirajo zai hau ya kwashi lambobi ya kai biro, wato ofishinsu. Gidan kuwa akwai budurwa, Nazifa, ita ke riƙe masa tsani.

Tsani! Tun da labarin ya iso kunnen Zalika abinci ya daina shiga. Kishi ne tsagwaronsa, ba ta ma ɓoye ba. Ta jawo salula ta rubuta:

"Yau ma an riƙe maka tsanin? Allah Ya sa kar ka faɗo kan mutane."

Amsa ta zo nan take: "Haba Sheri, aiki ne fa. Inda hayaƙi ya fi yawa nan ake kafa na'urar, ba ni na zaɓa ba. Ke kaɗai ce a raina, Zalina."

Duk zaƙin nan bai shige ta ba, tsakiyar saƙon kawai ta riƙe. Inda hayaƙi ya fi yawa, ko? To, mu zuba.

Lokacin mahaifinta na gona can wajen Dungas, ana yankan gero. Baiwar Allah ta kwaso tsofaffin tayoyin kabu-kabu wurin mai faci, kullum ta cusa ɗaya a murhu. Kwana bakwai unguwa ba ta ga sararin kirki ba. Shanya ta yi baƙi, maƙwabta suka kai ƙara, innarta ta kwanta da tari. Nan jikin Zalika ya yi sanyi, amma ta makara.

Meri ba ta aiko na'ura ba. Takardar kira ta aiko, kuma da yake unguwar Sirajo ce, shi aka ba. Ya iso ranar da Malam Maina ya dawo. Ya durƙusa ya miƙa, idonsa ya sauka kan wayoyin taya cikin toka. Nan take ya gane komai.

"Kai mai neman 'yata, kai za ka kawo mini sammaci?" in ji tsohon. "Shekara ashirin ana suya gidan nan ba wanda ya kira ni. Na fasa! Kar ka ƙara taka mini ƙofa."

"Baba, a yi haƙuri," shi ne kawai abin da ya ce. Ya miƙe zai tafi, ya ƙi tona ta.

Zalika na bayan zana tana jin komai. Ta fito da gudu ta zube.

"Baba, ni ce. Taya na ƙona. So nake a dawo da na'urar gidanmu, ni in riƙa riƙe masa tsanin."

Malam Maina ya dube ta, ya dubi murhu.

"Taya nawa?"

"Bakwai."

"Je ki nemi gafarar uwarki da maƙwabta, gida-gida. Meri kuwa tare za mu je, ki faɗa da bakinki." Ya juyo wurin Sirajo. "Kai kuma ka turo magabatanka su sa rana. Ku ɗauke ta tun ba ta ƙone mini unguwa ba."

Bayan an gama kaka aka ɗaura aure, innarta ta warke har ta yi guɗa. Da za a fita da amarya, tsohon ya dafa kanta, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Shi kuma Allah Ya ba shi haƙurin zama da ke."

Sai da Zalika ta share hawaye, sannan ta ce amin.