Karan da Kawu Bawale Yake Tsomawa a Tanki

Ku matso. Nafi'u, ajiye wayar nan, ba zan maimaita ba. Kun sha tambayata me ya sa Kawu Bawale yake tsoma kara a tankin akori-kurarsa kullum da safe, alhali gejin mai yana aiki. To, ni ne sanadi.

Lokacin ban daɗe da buɗe shagon rewaya ba, kaina ya kumbura. Kawu ya kawo min motar. Shekara biyu allurar geji na kwance, ko an cika tanki ba ta motsi, sai da karan dawa yake auna mai.

"Tasi'u, na gaji da karan nan," in ji shi. "Direbobi na yi min dariya a tasha."

Na duba fis, lafiya lau. Na bi waya tun daga gaba har gindin tanki, ba inda ta yanke. Abu ɗaya ya rage, a sauke tanki a duba fulot, 'yar kwalbar da ke iyo a kan mai tana ɗaga allura. Ga zafi, ga notuna sun ci tsatsa. Ƙiwa ta kama ni. Na buɗe gilashin geji, na zare allurar, na dasa ta a tsakiya. Na ce a raina jibi na gyara.

Kawu ya sa min albarka. Ya karya karan a gabana ya yar. Bayan kwana uku har yana yabona, wai motar ma ta rage shan mai.

Rana ta huɗu kububuwa ta sari Gwaggo Ladiyo, matar Kawu, a gona. Aka kwantar da ita a bayan mota, Kawu na riƙe da kanta, ni na karɓi tuƙi. Da muka zo wajen 'yan bumburutu na rage gudu. Kawu ya buga rufin mota.

"Wuce. Muna da rabin tanki."

Wallahi na san ba mu da shi. Kunya ta ɗaure min baki, na wuce.

Rana na tsaka muka shiga kwarin nan mai tsamiya ɗaya, hanyar asibiti. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Tsit. Ko tsuntsu babu. Na buɗe bonet ina taɓe-taɓen ƙarya, Gwaggo na nishi a baya.

"Sannu, mai gyara."

Wani tsoho ne, farar riga, ko ɗigon zufa babu a goshinsa. Yana gabana, amma muryar daga bayan kunnena take fitowa.

"Ciwon ba a gaba yake ba," ya ce. "Kai ma ka sani. Shiga ƙasa."

Na shiga. Notunan da suka fi ƙarfina, da yatsa na kwance su. Tanki ya sauko sakayau, ba komai a ciki. Na zaro fulot na girgiza, sai na ji ƙwal-ƙwal. Ya huje ne, ya sha mai ya nutse. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ke nan na guje wa.

Hannu ya miƙo min gutsuren sabulu, sanyi kamar ƙanƙara. Na juya in karɓa. A nan na ga ƙafafunsa a ƙarƙashin riga. Kofato ne, irin na jaki. Kuma ba su taɓa yashi ba.

Na so in yi addu'a, harshe ya ƙi. Na tsiyaye fulot, na toshe hujin da sabulun, na ɗaura tanki, na mayar da allura mazauninta. Na murɗa makulli. Allura ta kwanta can ƙasa.

"Ita ta faɗi gaskiya," in ji tsohon. "Saura kai. Kafin nan mota ba ta tashi."

"Da wa kake magana, Tasi'u?" in ji Kawu. Shi bai ga kowa ba.

Na zagaya baya, kaina a ƙasa. Ƙafar Gwaggo ta kumbura har gwiwa.

"Kawu, ban gyara gejin ba. Allurar na dasa da hannu. Tun a wajen 'yan bumburutu na san ba mai."

Da ya mare ni da na ji sauƙi. Kallona kawai ya yi. Can ya ce, "Tayar."

Mota ta tashi. Tanki a bushe, na rantse muku, haka ta kai mu har ƙofar asibiti sannan ta mutu. Ban duba madubi ba ko sau ɗaya.

Gwaggo ta rayu. Amma ɗingishin nan nata da kuke gani, likita ya ce jinkiri ne ya jawo shi. Har yau in ta miƙo min tuwo ba na iya haɗa ido da ita.

Gejin kuwa bai sake kuskure ba, shekara tara ke nan. Kawu bai taɓa tayar min da zancen ba. Washegarin ranar dai ya shiga gona ya yanko sabon kara.

Saboda haka kada wanda ya bi kwarin nan shi kaɗai da tsakar rana. In ta kama dole, ku tabbata ba ku ɗauko ƙarya a mota ba. Ku tashi ku kwanta.