Wando Mai Kunyoyi

"Ki rage masa ƙugu."

Tela ta ɗago daga kan keken ɗinki. Yayar Akawu ce a ƙofar shagon, matar da ta taɓa tsayawa a nan ta ce ƙaninta ba zai auri mai facin tsumma ba.

Yayar ta ajiye leda a kan tebur, ta ƙi yarda su haɗa ido.

Wandon nan ne...

Ruwan ƙasa, mai kauri, mai layi-layi kamar kunyoyin gona. In mai shi yana tafiya sai ƙafafun wandon su riƙa gogar juna, shuf... shuf... shuf.

Shagon Tela a ƙarƙashin matakalar bene yake, ofishinsu Akawu a sama. Ta san wannan ƙarar kafin ta san fuskarsa. Ranar da ya fara leƙowa neman maɓalli ta ce,

"Malam, ai wandonka ya riga ka gaisuwa."

Ya yi dariya. "Mai kunya ne fa, dubi kunyoyinsa."

"Kunyoyi dai! Mai kunya ba ya wannan surutun."

Daga nan kullum in ta ji shuf-shuf sai ƙafarta ta tsaya a kan keke, ta share masa benci. "Telata," yake ce mata. Ita ba mai magana ba ce, shi kuwa ya samu mai saurare.

Wata rana sai ga wata ƙawar Yayar ta kawo yadi mai tsada.

"Ki ɗinka da kyau, na biki ne. Akawunku ne angon."

Tela ta ɗinka, ko zare ɗaya bai karkace ba. Da ya sauko da yamma ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ya yi rantsuwa ba gaskiya ba ne, ya yi magiya, ita dai tana ta taka keke har ƙarar ta danne muryarsa.

Sai ya daina sa wandon.

Safe da yamma yana wucewa ta saman kanta, ba ta jin komai. Har ya bar zuwa aiki ba ta san ranar ba.

"Babu wani aure," in ji Yayar yanzu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko maganarsa ba a yi ba. Tun da ya kwanta ciwo ba mu ga ƙeyar ƙawar tawa ba."

"Ciwo?"

"Da sauƙi yanzu. Sai dai ya rame, komai zamewa yake daga jikinsa. Ya ce in dai zai fita, da wannan zai fita."

Tela ta shafa wandon. Gwiwar ta siɗe, layukan sun kwanta.

"Nawa zan rage?"

"Ke dai kimanta mana."

"Yaya, ba na rage wando da ka. Sai na auna mai shi."

Yayar ta ɗauki jakarta.

"To rufe shagon."

Ɗakinsa warin magani yake yi. Yana zaune a bakin gado, wuyansa ya yi tsawo. Da ya gan ta ya yunƙura, ya dafa bango.

"Telata..."

"Ɗaga hannunka."

Ta zagaya ƙugunsa da tef, ta dubi lambar. Hawaye ya ɗiga a kan yatsanta.

"Na ƙi sauraronka," ta ce. "Ni da ba ni da aiki sai saurare."

"Ni ma na yi saurin zuciya. Yanke shi kawai, ba zan sake cika shi ba."

"Ba zan yanke ba! Ninkewa zan yi in ɗinke sama-sama. In ka yi ƙiba sai in farke."

Ya daɗe yana kallonta.

"Kina nan ke nan har in yi ƙiba?"

Ta zare allura daga bakin mayafinta.

"Tsaya cak, masoyi, kar in soke ka."