Maryamar Da Babu A Talabijin

Ranar da Attahiru ya fara ganin Kulu, taɓo ne a jikinsa har gwiwa. Babur ɗin gwamnati ya kayar da shi a kwarin Fakku, ga akwatin littattafai ɗaure a baya. Aikinsa ke nan: ma'aikacin ɗakin karatu ne a Tambuwal, duk ranar kasuwar Kebbe yakan kai littattafan aro ya baje su a gindin ceɗiyar makarantar firamare.

Yana cikin kankare wando da tsinke sai ya ji ana birkita masa akwati. Ya ɗaga kai ya ga wata doguwar budurwa mai wushirya, ta yafa mayafi ruwan ƙasa, tana jujjuya littattafan tana taɓe baki.

"Malam, ina sababbin?" in ji ta.

"Waɗanne sababbi?"

"Na samari da 'yan mata da anka ce za a kawo. Malamarmu ta kwaleji tac ce kafin damina ta yi nisa suna isowa. Waɗanga dut na karance su, wasu har sau biyu."

"Suna bisa hanya," ya ce.

Ta dubi wandonsa daga sama har ƙasa. "In hanyar da kab biyo ta, sai baɗi."

Attahiru mutum ne mai baki. Da ya ga za ta tafi, don kada ta tafi hakanan, sai ya shiga cika baki da talabijin. Shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo, sabuwar Jihar Sakkwato tana ta rabon abin arziki, har an kafa wa Tambuwal gidan kallo da injin wuta. Duk mako ana nuna wani wasan kwaikwayo na wani makiyayi mai suna Bube da ya shiga birni.

"Mu nan Kebbe sai dai mu ji labari," Kulu ta ce.

"To labarin nika kawo miki, in kin yarda."

Ta ce ita ba ta tsayuwar hira a hanya. Ita ɗiyar Malam Shaihu ce, in da gaske yake ya zo ƙofar gida, Gwaggo Hadiza tana zaune.

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa bayan la'asar, Attahiru ya zauna a tabarma jikin bangon zauren Malam, Kulu da Gwaggo Hadiza suna bakin ƙofa, ya kwashe abin da ya gani a talabijin ya juye musu. Ashe alƙali ya kawo wa kansa. Kulu ba ta taɓa ganin talabijin ba, amma babu kashin wasan da ba ta yi masa fata-fata. Idan ta maido littafin aro, sai ya tarar da 'yar takarda a ciki. Wata rana ga abin da ta rubuta:

"Mai Akwati, wasanku na wannan mako bai ci maki ba. Duk matan ciki ko masu kuka ne ko masu masifa. A birnin nan kaf babu mace mai hankali? Ina sababbin littattafaina?"

Tun daga nan ya sa mata Alƙaliya. Ya karanta takardar nan har ta yi laushi a aljihu.

Ana tsakiyar damina injin gidan kallo ya mutu. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Sakkwato, ƙarfen kuma ya bi sahun sababbin littattafai, kullum yana bisa hanya.

Allah ya sani, Attahiru ya taso daga Tambuwal da niyyar faɗin gaskiya. Amma da ya zauna ya ga Kulu ta yi tagumi tana jira, ga Gwaggo Hadiza ta kira maƙwabta biyu sun zo da kabarsu ta saƙa, sai tsoro ya kama shi. Babu sababbin littattafai, yanzu kuma babu wasa, to da wane dalili zai sake zama a tabarmar nan? Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa:

"Makon ga, Bube ya gamu da wata yarinya. Sunanta Maryama."

Shi ke nan, an haifi Maryama. Mako ya bi mako tana girma a bakin Attahiru. Mai karatu ce, ba ta ɗaukar raini, takan yi gardama da alƙalin kasuwa ta kayar da shi. Matan unguwa suka ƙaru har tabarma ta yi kaɗan. Takardar Alƙaliya ma ta sauya murya:

"Mai Akwati, yanzu masu wasan sun yi hankali. Maryama ta burge ni. Amma a gaya wa Bube ya daina kewaye-kewaye, in yana sonta ya faɗa."

Ranar da ya karanta wannan, ya jira har Gwaggo ta shiga duba tukunya, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Alƙaliya, Bube tsoro shikai."

"Tsoron mi?"

"Kada a ce mai bai kai ba. Babu abin da yam mallaka sai baki."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. "Wata bakin takan so, Mai Akwati."

"To ni dai ina sonki, Kulu. Tun ranar taɓo."

"Na sani," ta ce, wushiryar nan ta bayyana. "Ka daɗe ba ka faɗi ba. Shi ma na rage maka maki."

A daren nan Attahiru bai san yadda babur ya kai shi Tambuwal ba. Kwana kaɗan ya tura kawunsa Almu wajen Malam Shaihu. Malam ya saurara, ya ce yaro yana da ladabi, amma a ba shi lokaci ya yi bincike.

To, ba Attahiru kaɗai yake da ido ba. Akwai Maccido, ɗan kwangila mai gina kwalbatoci, wanda shi ma ya aika gidan Malam neman auren Kulu. Yana da sabuwar mota, yana da talabijin tasa ta kansa a gidansa na Sakkwato. Da ya ji matan Kebbe suna ta zancen wata Maryama, sai ya yi murmushi. Bai ce wa kowa komai ba. Ranar kasuwa ta gaba, wadda ta dace da ranar wasan, sai ga shi da talabijin da ƙaramin inji a bayan mota. Ya sa aka kafa doguwar gora da ƙarfen kamo hoto a kanta a filin ƙofar gidan Malam, ya ce yau mutanen Kebbe su gani da idonsu.

Attahiru yana isowa ya ga gorar nan, ya gane abin da ake shirin yi. Ya so ya juya, amma Gwaggo Hadiza ta riga ta hango shi tana ɗaga masa hannu.

Rana tana shirin faɗuwa aka kunna. Gari ya taru, mata suna leƙe daga ƙofar gida. Hoton ya yi ta yayyafi, can ya daidaita, sai ga Bube. Wani gajeren mutum ne mai tumbi, yana ta cacar baki da mai gidan haya a kan akuya. Aka yi ta yi, akuya dai, akuya dai, har wasa ya ƙare.

"Ina Maryama?" Gwaggo Hadiza ta tambaya da ƙarfi. "Halan ba ta da lafiya?"

Maccido ya gyara babbar riga. "Gwaggo, ni kullum ina kallon wasan ga. Babu wata Maryama ciki, ba a taɓa yin ta ba. Injin Tambuwal ko tun farkon Yuli yam mutu. Ku tambayi mai ba ku labari."

Idanu suka juyo kan Attahiru. Ya nemi Kulu a bakin ƙofa, ya ga bayan mayafinta tana shigewa ciki. Malam Shaihu, wanda ya fito alwala, ya tsaya da buta a hannu ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya koma ciki. Washegari saƙo ya isa wajen Almu: Malam ba ya ba maƙaryaci ɗiyarsa.

Attahiru ya rame a tsaye. Abinci ya daina shiga. Abin haushi, a makon ne sababbin littattafan suka iso, kwali guda, bangonsu yana ƙyalli, suna ƙamshin sabuwar takarda. Ya zauna ya tasa su a gaba kamar ya yi kuka. Amma aiki aiki ne, ranar kasuwa ya ɗaure akwati ya kama hanya.

Bai gama bajewa a gindin ceɗiya ba sai ga ta, fuska a ɗaure. Ta ɗauki sabon littafi ɗaya, ta shinshina, ta rungume shi a ƙirji. Duk da fushin, sai da idonta ya yi haske.

"Alƙaliya, ki gafarce ni," ya ce.

"Kana tsammanin ban sani ba?"

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar da kac ce babur ya ka da Bube cikin taɓo. Makiyayi da babur ɗin gwamnati? Sannan Maryama tay yi wushirya. Ni jaka ce?"

"To mi yas sa ba ki ce komi ba?"

"Daɗi nika ji. Jira nikai ka ce min naka na, in yaba maka kai da kanka. Abin da yab ɓata min rai, ba ka yarda da ni ba, sai da wani yat tona ka gaban gari." Ta share ido da gefen mayafi. "Na faɗa wa Baba cewa Maccido ya riƙe akwatinai na talabijin, ni na zaɓi nawa. Tashi, Baba na kiranka."

A zaure Malam Shaihu yana zaune kan buzu, littattafai kewaye da shi. Attahiru ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa.

"Attahiru, kakanninmu sun yi tatsuniya, ba wanda yak kira su maƙaryata. Ka san dalili?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Don kafin su fara suna sanar da kai tatsuniya ta. Kai ko ka jingina naka ga talabijin ta mutane, ka bar tsofaffi suna yi wa Maryama addu'a. Wanga kuskure na."

"Na tuba, Malam. Tsoro yas sa ni."

"Za ka tahi ka ba Hadiza da maƙwabta haƙuri, ɗaya bayan ɗaya. In za ka koma ba da labari, ka fara da cewa naka na."

"In sha Allahu, Malam."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ɗauki wani littafi ya buɗe, ya rufe. Ya gyara rawani. Ya yi gyaran murya sau biyu, yana duban bango, ba ya duban yaron.

"Wancan karon," ya ce a hankali, "ka bar Maryama bakin gulbi, jirgi ya tahi ya bar ta, ga hadari ya taso. To, ta ƙetare?"

Attahiru ya ɗaga kai da sauri.

"Kada ka dube ni haka," in ji Malam. "Bangon zauren ga bai da kauri. Mutum na karatunai, murya na shigowa, ya zan yi?"

Nan bakin Attahiru ya dawo masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ta iya ƙetarewa. Tana nan tsaye, sai mahaifinta ya yarda."

Malam Shaihu ya kai hannun riga ya rufe baki, amma kafaɗunsa suka tona shi. Daga bayan bango kuma aka ji Gwaggo Hadiza ta rangaɗa guɗa, ashe ita ma ta gano amfanin bangon.

"Tashi ka ba ni wuri, ja'iri," Malam ya ce. "Ka turo min Almu."

Maccido ya kwashe gorarsa da injinsa ya koma Sakkwato. Mutumin kirki ne a ƙasan tumbin kuɗinsa, don ranar biki sai da ya aiko da buhun shinkafa. An ɗaura aure bayan kaka, da Kulu ta kammala kwaleji. Mutanen Tambuwal suka zo mota biyu, na Sanyinna da Fakku suka zo a kan babura da jakuna. Malam Shaihu ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya masu albarka, masu gaskiya, ya ɗan saci kallon ango a kan kalmar ƙarshe, jama'a suka shafa suna dariya.

Da aka kai amarya Tambuwal, cikin kayanta har da sababbin littattafan nan da ta ara. Duk ta karance su ta ba su maki, saura ɗaya. Attahiru ya tambaye ta me ya hana ta buɗe shi.

"Akwai wanda ban ji ƙarshensa ba tukuna," ta ce. "Mai Akwati, Maryama ta ƙetare?"

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta Malam. "Wanga labari nawa na, ba na talabijin ba."

"Mun ji. Ci gaba."

"Ta ƙetare, Alƙaliyata. Ga ta zaune gabana da lalle a hannu."

Kulu ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce wannan karon ya cinye makinsa duka. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan nan da duk labarin da za a ba da a cikinsa.